Gorar Rubutun Malam Isaka

A layinmu na Nima, duk wanda zai hau jirgi karo na farko in ina gida sai an ce masa ya je wurin Sule boga ya ji shawara. Boga shi ne sunan da ake laƙaba wa wanda ya zauna Jamus, ko da kwanuka ya je ya wanke kamar ni. Ni kuwa ba na rowar abin da na sani. Ina ce musu su sa kaya masu yalwa, su bar sabon takalmi mai matse ƙafa a akwati, domin ƙafa kumbura take yi a sama. Su yi alwala tun a ƙasa, banɗakin jirgi ko juyawa ba ka yi a ciki. Su cire guru da duk wani ƙarfe kafin na'ura ta tona musu asiri a gaban jama'a. Su nemi kujerar bakin hanya, su riƙe rigar sanyi a hannu, su auna akwatinsu a sikelin masu masara na kasuwa kafin su je a kunyata su. Idan na zo kan shawara ta ƙarshe sai muryata ta yi ƙasa. Nakan ce duk abu mai ruwa, ko mene ne shi, ko wa ya ba ka, ka naɗe shi da kyau ka sa a akwatin da za a auna. Suna gyaɗa kai su tashi. Ba wanda ya taɓa tambayata inda na koyi wannan, kuma ni ma ban taɓa faɗa ba sai yau.

A Zango tafiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Da zarar an ji ka samu biza, ɗakinka ya zama tasha. Wannan ta kawo daddawa a kai wa 'yarta, wancan ya kawo kuka da yaji, wata ta kawo kwalbar shito, baƙin yajin nan namu mai mai, ta ce ɗanta ba ya cin shinkafa sai da shi. Saƙo ba a ƙin sa, ba a kuma buɗe shi. Wanda ya ce kaya sun yi yawa, kafin magariba an gama da shi a unguwa, an ce tun bai tafi ba ya zama Bature.

Nawa saƙon mafi nauyi daga zauren Malam Isaka ya fito. Maƙwabcinmu ne, shi ya koya mini baƙi da wasali. Ɗansa Mumuni, wanda muke kira Yaya Mumuni, shi ya aiko mini da takardar gayyata daga Hamburg, kuma a gidansa zan sauka. Shekara biyu ke nan yana fama da ciwon ƙoda, sau uku a mako ake wanke masa jini, ba shi da halin zuwa gida.

Ana gobe zan tashi, bayan la'asar Malam ya aiko a kira ni. Na same shi a kan buzu, gorar roba babba a gabansa, cike da rubutu baƙi wuluk. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya kai allo kusa da hancinsa yake ganin abin da yake rubutawa.

"Sule," ya ce, "kwana bakwai na yi a kan wannan. Ɗalibai sun ce su taya ni, na ƙi. Ciwon ɗana ne, hannuna ne zai yi."

"Allah ya saka da alheri, Malam."

"Kada ka sa shi a akwati a danne shi da takalma da kifi. Ayar Allah ce. Ka riƙe shi a jikinka har ka sa shi a hannun ɗan'uwanka."

Na ce to. Me zan ce? Ni ban taɓa shiga jirgi ba, shi ma rabonsa da jirgi tun Hajjinsa ta zamanin da, lokacin da ake shiga da buta cike da ruwa ba mai ce maka kanzil.

Daga Nima zuwa filin jirgi ba nisa, tun muna yara jirage suke wucewa ta kan rufinmu. Yayana Fuseni ya kai ni, muka yi sallama a ƙofa. Aka auna akwatuna biyu, na ga sun bi bel sun shige da daddawar mutane da shito da rigar sanyina. Na haura sama ina rungume da 'yar jakata, gorar Malam a tsaye a ciki, ina taku kamar wanda ya saba.

A wurin binciken ƙarshe jakar ta shiga na'ura ta fito, wata ma'aikaciya ta ja ta gefe. Ta zaro gorar ta ɗaga. Ta yi mini Turanci, ta yi Twi, da ta ga sunana a fasfo sai ta juya Hausar Zango.

"Wannan ba zai tafi ba, Massa. Ruwa ya yi yawa."

Ta nuna mini wata 'yar kwalba da ba ta fi ta turare ba, ta ce iyakar abin da ake shiga da shi a hannu ke nan. Na ce mata magani ne, addu'a ce, na marar lafiya ne. Ta ce ta sani, ta sha ganin irinsa, amma doka ba tata ba ce. Sannan ta faɗi abin da har gobe nake jin sa a kunnena.

"In kana da mutum a waje, koma ka ba shi. Lokaci yana nan. In ba haka ba, ka sha, ko ka jefa nan."

Na dubi inda ta nuna. Kwandon shara ne cike da gorunan lemo da man shafawa da cingam da aka tofar. Na dubi agogo, saura fiye da awa ɗaya. Wayata tana aljihu. Fuseni ko gida bai kai ba, da na kira shi da ya juyo, ya mayar wa Malam, a ba wani matafiyi. Wallahi duk wannan ya zo mini a rai. Amma shekara tara ina jiran wannan rana, sai na ga kamar in na sauka matakalar nan jirgin zai tashi ya bar ni. Kuma in faɗi gaskiya tunda gaskiya na zauna faɗi, abin da ya fi wannan tsoron ƙarfi shi ne kunya: a ji a Nima cewa Sule ya je filin jirgi an dawo da shi da gora.

Na tsuguna a gefe, na yi bisimilla, na kafa kai. Ɗanɗanon hayaƙi da ƙaro, irin na zauren Malam. Na sha na huta, na sha na huta, mutane suna wucewa suna kallona. Rubutun da tsoho ya yi kwana bakwai yana yi wa ɗansa, ni mai ƙoda biyu lafiyayyu na shanye shi cikin minti biyar. Abin da ya rage ɗan baƙin da ya kwanta a gindin gora ne, bai fi cokali ba. Na rufe, na mayar jaka.

A jirgi kujerar taga ce tawa, ni na roƙe ta don in ga Nima daga sama. Ban ga komai ba, idona a rufe yake, kunnena kamar ana tura masa kara. A kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Asante, za ta ganin jikoki. Ta dube ni ta miƙo mini hankici, ta nuna bakina. Ashe leɓena da haƙorana duk sun yi baƙi, haka na bi layi ina yi wa ma'aikatan jirgi murmushi. Ta ba ni cingam ta ce in tauna, kunnen zai buɗe. Ba a jima ba ruwan ya fara neman hanya, ga fitilar ɗamara a kunne, an hana kowa tashi. Na matse, na karanta abin da na iya, gumi yana keto mini cikin sanyin nan. Da aka kashe fitilar na tsallake tsohuwa da wani mai barci na ruga. Sau uku ina tashinsu. A na huɗu ta kwashe jakarta ta koma taga, shi ma mai barcin ya matsa ciki yana gunaguni, suka bar mini bakin hanya.

"Ɗana," ta ce da Twi, "me ke cikin gorar nan da kake rungume da ita ba komai a ciki?"

"Magani ne, Mame."

"Na wa?"

Na juya kai na yi kamar barci ya ɗauke ni.

A Istanbul muka sauka canjin jirgi, awa huɗu ina zaune a bakin ƙofar da aka rubuta a allo, don kada in ɓata. Akwai intanet kyauta. Sau uku na rubuta wa Yaya Mumuni saƙo ina gaya masa abin da ya faru, sau uku ina gogewa. Can wani dattijo ya ji ina magana ni kaɗai da Hausa, ya matso. Mutumin Damagaram ne, ɗan kasuwa, Hausarsa cikakkiya irin wadda in mu 'yan Zango muka ji sai mu riƙa gyara zama. Ya raba dabinonsa da ni, ya nuna mini masallacin filin jirgin. Bayan mun yi salla na tambaye shi, kamar hira ce kawai, wai in an ƙara wa rubutu ruwa yana nan a rubutunsa?

"Ai dama da ruwa ake wanke shi," ya ce. "Albarkar ba a yawan baƙin take ba."

Bawan Allah bai san abin da ya ba ni ba. Ya amsa tambayar da na yi masa ne, ni kuma na ɓoye masa rabin labarin, na kama maganarsa na riƙe kamar fatawa.

Hamburg ta tarbe ni da sanyin da ban san akwai irinsa ba, ni da 'yar shadda. Yaya Mumuni da kansa ya zo, duk da ranar ba ya jin ƙarfi. Da ƙyar na gane shi. Mutumin da yake ɗaukar buhun masara shi kaɗai a Kasuwar Malam Atta ya koma kamar sanda, fatarsa ta yi toka-toka. Ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini. Bai gama tambayar mutanen gida ba ya ce, "Baba ya ce ya ba ka abu."

"Yana cikin kaya, Yaya. Bari in warware gobe."

Washegari da safe ya tafi wankin jini, matarsa Anti Rabi ta raka shi, tana da ƙaramin ciki a lokacin. Suka bar ni da gida da abinci a tukunya. Na ɗauko gorar na cika ta da ruwan famfo, na girgiza. Ta fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko yaro ba zai yarda ba. Sai na ɗauki cokalinsu, na ɗebi sukarinsu, na ƙona a kan murhunsu har ya yi baƙi, na narkar na zuba. Hayaƙin ya tayar da wata na'ura a silin, ta kama tsuwa, ina tsalle ina kaɗa mata tawul kamar mahaukaci. Ban taɓa raina kaina kamar ranar ba.

Da suka dawo na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a goshinsa, ya zauna a bakin kujera ya yi kuka kamar yaro. Likitoci sun ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, don haka murfin gorar ɗaya yake sha kowace safiya bayan asuba. Anti Rabi ta kwashe komai daga saman firij ta ajiye gorar ita kaɗai, kada a ɗora wani abu a kanta.

Wata shida na yi a falonsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ake cewa, amma nawa sai ya yi ta tafiya, ba wanda ya tono ni. Yaya Mumuni ya samo mini wankin kwanuka a wani gidan abinci, inda mai wurin yake sa ni aikin mutum biyu, ƙarshen wata ya ce bai san da wasu kwanakin ba. Da Yaya ya ji, daga asibiti ya wuce can, yana dafa bango, ya tsaya ya wanke mutumin da Jamusanci har sai da ya gyara. Ya koya mini hawan jirgin ƙasa, ya koya mini raba shara kala-kala. Ranar da kewar gida ta kama ni, na zauna ina tuna kokon safe da ƙosai na bakin gota da kiran salla daga masallatai goma a lokaci guda, Anti Rabi ta tuƙa mini tuwon zafi da miyar ayoyo ba tare da na roƙa ba. Kowane alheri suka yi mini sai in ji kamar an ɗora mini garwashi a tafin hannu. Yaya yakan ce tun da ya fara shan rubutun barcinsa ya gyaru. In ya kira Malam a waya, ni kuwa sai in tuna ina da shara da zan fitar.

Na yi niyyar faɗa, Allah ya sani. Nakan ce bari ya ɗan samu sauƙi. In ya samu sauƙi in ce kada in ɓata masa rai. In jikin ya tashi in ce yanzu ba lokacinsa ba ne.

A wata na huɗu Malam Isaka ya rasu, ranar wata Talata da hantsi. A waya muka bi jana'izar, Fuseni ya ɗaga mana tasa muna kallon kafaɗun mutane da makara tana tafiya a lungun da muka yi wasa. Yaya Mumuni bai yi kuka a gabanmu ba. Da aka gama ya tashi ya buɗe firij, ya juye abin da ya rage a gorar cikin wata 'yar kwalba, ya sa a wurin ƙanƙara. Ya ce ba zai ƙara sha ba, wannan ne rubutun Baba na ƙarshe a duniya.

Bayan wata biyu Anti Rabi ta haifi namiji. Ranar suna 'yan Zangon Hamburg suka cika falon, na Nima da na Mamobi da na Kumasi, ana ta shinkafa da surutu. Aka raɗa wa yaro Isaka. Ni aka ba raba goro da dabino. Ina cikin rabo na hangi Yaya ya nufi kicin, na bi shi da tire a hannu. Na tarar ya fito da 'yar kwalbar ya sa ta a ruwan ɗumi tana narkewa.

"Zan ɗiga wa mai sunan Baba a harshe," ya ce. "Bai ga kakansa ba, to ya ɗanɗani hannunsa."

Na ajiye tiren.

"Yaya, kada ka ba shi."

"Don me?"

"Ba rubutun Malam ba ne."

Na faɗa masa duka, ban rage ba: ma'aikaciyar, kwandon sharar, wayar da ke aljihuna, cokalin sukarin. Ina magana ina kallon tayil. Na so ya mare ni, ko ya ɗaga murya mutanen falo su ji su shigo a yi mini abin da ya dace da ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana kallon kwalbar a cikin kwano.

"Kai ka shanye?"

"Ni na shanye, Yaya."

"Shan ba komai ba ne, Sule. Da ni ne a wurin, da abin da zan yi ke nan, ba zan jefa ayar Allah a shara ba." Ya juya kwalbar a cikin kwanon. "Sau biyu Baba yana tambayata ko ya ƙaro mini. Da Hajiya Lami za ta zo ya tambaya, da Awudu direba zai zo ya sake tambaya. Har ya ce ya sa an wanke alluna. Na ce masa ya huta da idonsa, akwai saura da yawa."

Ya ɗauki kwalbar ya buɗe, ya tsaya kamar zai zuba a wurin wanke-wanke, sai ya fasa, saboda cokali ɗayan nan na gaske da ke ciki. Ya rufe ya mayar inda take.

"Ɗauki goronka ka koma," ya ce. "Baƙi suna jira."

Na koma na raba goro, ana ce mini sannu da hidima.

A ƙarshen watan na samu ɗaki na tashi. Bai kore ni ba, shi ma ya taya ni neman ɗakin. Bai gaya wa kowa ba, ina jin ko Anti Rabi ba ta sani ba, domin har yau tana aiko mini da tuwo ranar Salla. Yana nan da ransa, ana ci gaba da wanke masa jini. In mun haɗu a masallacin Juma'a yana ba ni hannu, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Na nemi gafararsa ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe.

Zuwana gida uku ke nan tun daga lokacin. Duk sanda zan taso, 'yan Zangon Hamburg sai sun cika mini akwati: waya, turare, magungunan ciwon gwiwa, takalman yara. Yaya Mumuni yana da uwa a raye a Nima, gidansu yana jikin namu, in na je gida ni nake wucewa ta ƙofarta kowace safiya in gaishe ta. Saƙon da Yaya zai aika mata yakan jira wani matafiyin, ko da zai ƙara wata biyu. Ni bai taɓa ba ni ko ƙwayar goro in kai mata ba.